Gidan Sori da kewayenta: yadda maƙwabtaka ke riƙe da kasuwa, da sana'o'in da mutum zai iya kamawa a gida



Saƙonni iri biyu ne suka fi zo mana a wannan gidan rediyo. Na farko na ƴan uwanmu ne da ke ci-rani a Kano, Legas, Abijan, Libiya, Aljeriya da wuraren haƙar zinariya na jihar Agadas. Tambayarsu kusan ɗaya ce: in na tara ɗan abin da na tara, wace sana'a zan kama a gida wadda ba za ta cinye jarin ba? Na biyu kuma na gaishe-gaishe ne. Wani ya kira ya ce a gode wa maƙwabcinsa da ya ara masa amalanke ya kwashe damman hatsi kafin ruwa ya sauko, wata ta ce a gode wa matan unguwa da suka kwana da ita a gidan likita.

Da farko mun ɗauki saƙonnin nan kamar ba su da alaƙa. Da muka zauna muka duba, sai muka ga magana ɗaya ce. A ƙaramin gari irin namu, yawancin sana'o'in da ke tsayawa da ƙafafunsu a kan maƙwabci suke tsaye: shi ne mai saye na farko, shi ne mai ba da bashi, shi ne shaida, shi ne mai gadi in ba ka nan. Shi ya sa muka haɗa bayanin wuri ɗaya, don mu amsa wa na nesa, mu kuma tuna wa na gida abin da ke hannunsu.

Inda muke zaune

Gidan Sori komin ce ta karkara a gundumar Gidan Rumji, cikin jihar Maraɗi. Gundumar na da komin biyar: Gidan Rumji, Gidan Sori, Tibiri, Cadakori da Saye Sabuwa. Ta yamma da kudu maso yamma ƙasarmu na kallon Najeriya, wajen Sabon Birni ta jihar Sakkwato. Babbar hanyar kwalta da ta taso daga Yamai ta bi ta Ƙonni ita ce ke ratsa Gidan Rumji da Tibiri ta shiga Maraɗi, sannan ta wuce Cadawa, Agye, Gazawa da Tasawa har Damagaram. Duk buhun da ya fita daga ƙauyukanmu da niyyar zuwa nesa, wannan hanya yake nema. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna jihar Maraɗi na da mutum sama da miliyan 3 da dubu 400, ke nan masu ci da masu saye suna nan kusa da mu.

Iyakar da ke tsakaninmu da Najeriya ta raba ƙasa a takarda, amma ba ta raba dangi ba. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 ne Gobirawa suka kafa Tibiri a ƙarƙashin Sarkin Gobir Mayaƙi, daga baya kuma Ɗan Halima ya fita daga can ya kafa Sabon Birni. Har yau akwai gidan da kaka na wannan ɓangare, jikoki na wancan. Shi ya sa Naira ke yawo a kasuwanninmu tare da Sefa, shi ya sa kuma duk abin da ya taɓa Najeriya sai mun ji shi a tukunya. Mun gani lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Mun sake gani bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da takunkumin CEDEAO ya tsayar da zirga-zirga har zuwa watan Maris na 2024. Ga kuma faɗuwar darajar Naira, wadda ta sa abin da ɗan ci-rani ke turowa daga Kano ya rage auki in an juya shi zuwa jika.

Darasin da muka ɗauka a nan shi ne, sana'ar da ta dogara kacokan kan iyaka tana iya tsayawa dare ɗaya. Wadda ke da masu saye a cikin gari da kasuwannin mako na kusa ta fi jure girgiza.

Shekarar da baƙi suka zo

Ba za a yi maganar maƙwabtaka a Gidan Sori ba tare da an tuna 2019 ba. Daga watan Afrilu na wannan shekara, hare-haren ƴan bindiga a jihohin Sakkwato, Zamfara da Katsina suka tilasta wa mutane barin garuruwansu. Kafin ƙarshen watan Mayu, Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira, wato HCR, ta ce kusan mutum 20,000 sun tsallako jihar Maraɗi. Kafin shekarar ta ƙare adadin ya haura 40,000. Mafi yawansu mata ne da yara, kuma ƙauyukan komin ɗin Gidan Rumji, Gidan Sori da Tibiri na cikin waɗanda suka fara karɓarsu.

Ku tuna da lokacin da abin ya faru. Ƙarshen rani ne ana shiga bazara, rumbuna sun yi ƙasa, ana lissafin tiya nawa ta rage kafin sabon hatsi. A wannan hali ne magidanta suka buɗe zaure, suka kwashe kaya daga ɗakunan ajiya, aka ƙara ruwa a hura, aka raba tabarma. Ba a jira motocin agaji ba. Kafin ƙungiyoyi su iso da rajista da buhuna, masu garin ne suka ciyar da baƙin na kwanaki da makonni. Akwai gidajen da yawan mutanen cikinsu ya ninka a mako ɗaya, rijiya ɗaya ta koma shayar da gari biyu.

Daga baya hukumomin ƙasa da HCR suka tsara mayar da wani ɓangare na ƴan gudun hijirar zuwa garuruwan da ke nesa da iyaka, irin su Ɗan Daji Makau, Garin Kaka da Cadakori. Ba a yi musu sansani a keɓe ba, an zaunar da su ne kusa da masu gari, ta yadda ruwa, makaranta da gidan likitan da aka samar za su amfani kowa. Mun san kuma matsalar ba ta tsaya a wancan ɓangare ba. Satar shanu da satar mutane don kuɗin fansa sun shigo gundumomin Gidan Rumji da Madarumfa, har wasu ƙauyukanmu na bakin iyaka suka tashi suka koma wajen dangi. Wanda ya sauki baƙo jiya, yau shi ma wani ya sauke shi.

Me ya haɗa wannan da kasuwanci? Baƙin ba da hannu wofi suka zo ba ta fuskar sana'a. A cikinsu akwai teloli, maƙera, masu gyaran babur, mata masu ƙuli-ƙuli da masu saƙa. Wanda aka ba wa inuwa a ƙofar gida ya kafa keken ɗinki, gobe shi ne zai koya wa yaron mai gidan. Sannan yawan jama'a na nufin yawan masu niƙa, masu sayen itace, masu cajin waya. Wannan ba ya share nauyin da aka ɗauka: gonaki sun yi kaɗan, itace ya yi tsada, an kuma samu saɓani a wasu wurare. Amma inda masu gari da baƙi suka zauna da maigari da limami suka tsara wa zai noma ina, da sharaɗin me, zaman ya fi daɗi kuma kasuwar ta fi motsi.

Ramin da kuɗinmu ke zurarewa

Kafin a yi maganar sabuwar sana'a, ya kamata a toshe ramin da ke cinye tsohuwar. Kowa ya san shi. Da kaka manomi na da bashi a wuya, ga kuɗin makaranta, ga biki, ga magani. Sai ya kai hatsi da wake kasuwa a daidai lokacin da kowa ya kai nasa, farashi na ƙasa. Ɗan kasuwa ya saya ya ajiye. In bazara ta yi, manomin nan ne zai koma ya sayi irin hatsin da ya sayar, da tsada, wani lokaci ma da bashi. Waɗanda suka ga yunwar 2005 a jihar nan sun san cewa a shekarar akwai abinci a kasuwa, kuɗin sayensa ne ya gagari talaka.

Akwai hanyoyi biyu da aka gwada a ƙasar nan kuma suka yi aiki a wurare da yawa.

Ta farko ita ce warantaji, wadda ta fara yaɗuwa a Nijar tun ƙarshen shekarun 1990 da tallafin hukumar FAO. Ga yadda take. Manoma su haɗu cikin ƙungiya, kowa ya kawo buhunansa a sa a mangaza ɗaya, a rubuta sunansa a jiki. A sa kwaɗo biyu a ƙofa, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da zai ba da rance. Asusun ya ba kowa kuɗi gwargwadon wani kaso na darajar buhunansa a farashin kaka, ba duka ba. Da kuɗin mutum zai biya buƙatarsa ko ya yi sana'ar rani. Bayan wata biyar ko shida ya biya, a buɗe mangaza, ya ɗauki kayansa ya ci ko ya sayar a farashin lokacin.

Mu yi lissafi na misali kawai. A ce buhu na jika 20 da kaka, ya kai jika 28 da bazara. In kuɗin ajiya da na rance sun ci jika 3, manomi ya tsira da jika 5 a kowane buhu, wadda da ta tafi aljihun wani. Amma a faɗi gaskiya, ba kowace shekara farashi ke tashi haka ba. In gwamnati ta fito da abinci mai rahusa, ko aka hana fitar da hatsi waje, farashi na iya tsayawa ko ya sauka, mutum ya tashi da asara. Akwai kuma masu damuwa da maganar kuɗin ruwa, kuma damuwarsu a kan hanya take. Waɗannan su tambayi malamai, su kuma nemi tsarin da ƙungiya ke ajiya da kuɗin kanta ba tare da ruwa ba. Abin da ba ya canzawa shi ne, mutum ɗaya ba ya yin warantaji. Sai da maƙwabtan da ka yarda su riƙe mabuɗin abincin ɗiyanka.

Hanya ta biyu ta shafi wake. Abin da ke sa a yi saurin sayar da wake shi ne tsoron ƙwari. Tun wajen 2007 aka fara yaɗa buhun PICS mai ninki uku, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta samar tare da masu bincike na Afirka, har da na cibiyar INRAN ta nan Maraɗi. Leda biyu ne masu kauri a ciki, buhun saƙa a waje. A shanya wake ya bushe sosai, a zuba, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. In iska ta ƙare ƙwarin sai su mutu, ba a bukatar zuba magani ko kaɗan. A dai kiyaye ɓera da duk abin da zai huda ledar, kada kuma a riƙa buɗewa ana ɗiba. Ga mai neman ƙaramar sana'a, sayar da buhunan nan a kasuwannin mako gab da kaka, tare da nuna wa mutane yadda ake ɗaurewa, abu ne da ba ya son babban jari.

Abin da ƙasarmu ke bayarwa

Aya. Jihar Maraɗi ce kan gaba a noman aya a Nijar, musamman wajen Agye, Cadawa da Gazawa, kuma ana yin ta a jigawar gundumarmu. Ƴan kasuwar Najeriya na saye, wata ma har Sifaniya take kaiwa, inda ake yin wani abin sha da ita mai kama da kunun aya. Tana da kuɗi, amma tana da wahala. Tana son taki, tana gajiyar da ƙasa in an maimaita ta a gona ɗaya, girbinta kuma aikin ƙura ne, a tona, a tankaɗe, a sheƙe, kuma mata da yara ne suka fi shan wannan ƙurar. Wanda ba shi da gona yana iya shiga ta wani gefen: tsince tsakuwa da rarrabe manya da ƙanana kafin a kai kasuwa, ko yin dakuwa da kunun aya. Ayar da aka tsabtace ba a saye ta farashi ɗaya da mai ƙasa.

Gyaɗa. Dattawa na tuna lokacin da gyaɗa ce ta gina Maraɗi, kafin farin shekarun 1973 da 1974 da cutar da ta biyo baya su karya fitar da ita waje. Amma sana'ar mai da ƙuli-ƙuli ba ta mutu ba, tana hannun mata. Abin da ke cin ribarsu shi ne sayen gyaɗa kaɗan-kaɗan da tsada, da kuma nisan injin markaɗe. In mata goma suka haɗa kuɗi suka sayi buhuna da kaka, wani matashi kuma ya kafa inji a garin, kowa ya samu. Kafin ka sayi inji dai, ka zagaya ka ƙirga gida nawa ne za su kawo maka niƙa, inji nawa ne kuma ke akwai a kusa. Garin da inji ɗaya ke isa, in aka kafa uku, dukansu ukun za su kwana da yunwa.

Jar akuya. Wannan dabba da sunan Maraɗi aka san ta a duniya. Tana yawan haihuwar tagwaye, tana da nono, fatarta kuma tun zamanin fatake ake kai ta arewa ta hamada har ta isa Turai. Akwai cibiyar kiwonta a Maraɗi tun shekarun 1960. Hanyar da marar jari ke samun ta kuwa tsohuwa ce, kuma daga ƴan uwanmu Fulani aka koye ta: habbanaye. A ba ka uwa ka kiwata, in ta haihu ƴaƴan naka ne, ka mayar da uwar ga mai ita ko a miƙa ta ga wani. Ƙungiyoyin raya karkara sun ɗauki tsarin suna aiki da shi, amma ba sai an jira su ba. Mai akuya biyar na iya ba maƙwabciyarsa ɗaya a gaban shaidu. Sai turkar raguna don Babbar Salla: a saya wata uku ko huɗu kafin lokaci, a tanadi harawa da dusa tun da kaka suna da araha, a yi allurar rigakafi. Waɗanda ke faɗuwa a turka yawanci a wajen abincin dabba suke faɗuwa, saboda sun bari sai rani ya yi nisa suke saye.

Itatuwan gona. A farkon shekarun 1980, wani ma'aikacin aikin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, yana aiki a jihar Maraɗi, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai, saiwarsu na nan a ƙasa. Shi da manoman yankin suka fara barin reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, ana yi musu aski suna girma. Abin da muke kira sassaben zamani ke nan. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kusan miliyan 200 suka dawo a kan eka mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Garin Ɗan Saga na gundumar Agye ya yi suna a wannan aiki har baƙi na zuwa daga wasu ƙasashe su gani. Sirrinsu kwamitin tsaro ne na gari, wanda ya haɗa manoma, mata da makiyaya, don kada wani ya raini itace wani ya zo da dare ya sare. Gawo na zubar da ganye da damina ya bar hatsi ya sha rana, ƴaƴansa kuma abincin dabbobi ne da ake sayarwa. Kalgo, sabara, magarya da aduwa kowanne na da abin da yake kawowa, daga itacen girki zuwa abin kai wa kasuwa. Amma in maƙwabcin gonarka bai yarda da dokar ba, wahala kawai za ka sha.

Lambu. Inda ruwan ƙasa ke kusa, a kwarin Gulbin Maraɗi, noman rani na kawo kuɗi a lokacin da gonar damina ke hutu. Mutanen Jiratawa sun nuna abin da zogale zai iya yi, ana tsinkarsa sau da yawa a shekara, ana sayar da shi ɗanye ko busasshe. Ba kowane ƙauyenmu ke da wannan damar ba, don haka a fara da tambayar zurfin ruwa kafin a sayi injin ban ruwa.

Sai ƙananan sana'o'in da zamani ya kawo: cajin waya da hasken rana, gyaran waya, gyaran babur da faci, walda, shagon iri da takin zamani. Waɗannan na son koyo kafin jari. Yaron da ya yi shekara a gaban mai gyara a Maraɗi ko Tibiri ya fi wanda aka saya wa kayan aiki rana ɗaya aka ce ya fara.

Asusun mata

Mutane da yawa ba su san cewa wani tsarin ajiya da ake amfani da shi yau a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya daga jiharmu ya fita ba. A 1991 ne ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, a kan tushen adashin da iyayenmu mata suka saba. Mata ashirin zuwa talatin ke haɗuwa duk mako, kowa ta zuba abin da aka yanke. Kuɗin na cikin akwati mai kwaɗo, mabuɗan a hannun mata daban-daban, ba a buɗewa sai a gaban kowa. Mai bukata ta ɗauki rance ta yi sana'a ta mayar, a ƙarshen zango a raba. Akwai kuma ɗan asusun gefe na taimako in rashin lafiya ko rasuwa ta faɗo.

Abin da ya sa tsarin ya daɗe shi ne babu kuɗin baƙo a ciki, kuma kowa ta san gidan kowa. Wadda ta ci bashi ta ƙi biya, da wace fuska za ta je rijiya gobe? Maza da samari ma sun fara kwaikwayo a wurare da yawa, kuma muna ganin babu abin kunya a ciki.

Ga ƴan uwanmu na nesa

Yanzu turo kuɗi ya yi sauƙi, ga Nita, ga Al Izza, ga Amana, ga na waya. Wahalar ita ce abin da kuɗin zai zama bayan ya iso. Mun sha jin labarin wanda ya yi shekara uku a Libiya yana turowa a saya masa shanu, ya dawo ya tarar babu ko igiya, zumunci kuma ya lalace. Sau da yawa ba cin amana ba ne tun farko. An turo kuɗin ne ba a faɗi na mene ne ba, yunwa ta zo, ciwo ya zo, aka taɓa.

Shawararmu ita ce ku raba kuɗin gida biyu tun daga can, ku faɗa da bakinku: wannan na cefane ne, wannan na jari ne. In ba ku ware na cefane ba, na jarin ne zai zama cefane. Wanda zai riƙe muku sana'a ku yanka masa rabonsa a fili, kashi nawa ne nasa a riba, don kada ya yi muku aikin banza har zuciyarsa ta fara raya masa wani abu. A sa shaidu biyu, a rubuta a takarda, da boko ko da ajami. Rubutu ba rashin yarda ba ne, addininmu ma ya yi umarni da a rubuta bashi. Ku fara da kaɗan, buhu biyar ko akuya biyu, ku ga yadda shekara za ta kaya kafin ku ƙara. Kuma kada ku yi shelar abin da kuka turo, ko a waya ko a dandalin sada zumunta. A halin tsaron da muke ciki, gidan da aka san an turo masa kuɗi masu yawa yana iya shiga haɗari.

Masu tambaya game da layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021, muna cewa in ya kammala zai sauƙaƙa fitar da aya, wake da dabbobi. Amma wanda zai amfana shi ne wanda ya riga ya iya tara kaya masu tsabta da yawa, kuma wannan aikin ƙungiya ne da ya kamata a fara tun yanzu.

Godiya

Hausawa na cewa yaba kyauta tukwici. A garuruwanmu godiya ba ta tsaya a baki ba, tana da hanyoyinta. Wanda aka yi wa gayya a gonarsa, in ranar gayyar wani ta zo shi ke fara isa da hauyarsa. Wadda aka kawo wa gudummawa ranar suna tana riƙe da lissafin a kanta har ranar da za ta mayar. Akwai ƙwaryar hatsin da ake aika wa maƙwabci in an fara sussuka, da ƙafar ragon layya, da zuwa gaisuwa da ƙafa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin yadda Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi masa wasiyya da maƙwabci har ya zaci za a ba shi gado.

A kasuwa ma godiya na da kamanninta. Ka biya bashin mai shago ranar da ka ce. Ka sayi man gyaɗar matar unguwarku in yana da kyau, maimakon ka wuce ta ka sayo a birni. In ka ga maƙwabcinka ya kafa sana'a tana tafiya, kada ka kafa irinta a ƙofarsa don ka karya shi, nemi wadda za ta cika tasa: shi yana niƙa, kai ka kawo buhuna. Mai awo ya cika tiya. Wanda aka ara wa amalanke ya mayar da ita da ƙafafunta lafiya, jakin kuma a ƙoshe.

Mu ma a nan muna da waɗanda za mu gode wa. Muna godiya ga magidanta da matan ƙauyukan Gidan Sori, Gidan Rumji da Tibiri da suka buɗe gidajensu a 2019 da shekarun da suka biyo baya, waɗanda ba a rubuta sunayensu a kowace takarda ba. Muna godiya ga baƙinmu da suka zauna lafiya suka koya wa yaranmu sana'a. Muna godiya ga makiyayan da ke kwana da dabbobinsu a gonakinmu da rani su bar mana taki, da manoman da ke barin burtali a buɗe. Muna godiya ga masu kabu-kabu da masu amalanke da ke ɗaukar mai naƙuda da tsakar dare ba su tsaya ciniki ba, da ungozomomi, da malaman makaranta, da mutanen Agye da Gazawa da ke karɓar manomanmu in sun je koyon aikin itace da aya.

Layinmu a buɗe yake kamar kullum. Wanda ke da maƙwabcin da yake so a gode wa, ya kira ko ya aiko da saƙon murya, ya faɗi garin da abin da aka yi masa. Masu ƙungiyar da ta gwada warantaji ko habbanaye, ko ta ci riba ko ta faɗi, muna son jin yadda abin ya kasance don wasu su koya. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo mana zaman lafiya a ɓangarorin iyaka biyu, ya dawo da matafiyanmu gida lafiya. Amin.